Taimakon Gaggawa na Kuɗin Haya da Wuta da Ruwa a Karkara: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a gaban kwamitinmu na masu aikin sa-kai, a wani gari na ƙasar Haɗejiya cikin jihar Jigawa. Wasu daga bakin masu neman taimako suka fito, wasu daga masu gidajen haya, wasu kuma daga masu bayar da gudummawa. Mun rubuta amsoshin ne domin wanda nauyin baki ya hana shi tambaya ya samu abin da yake nema ba tare da ya tsaya gaban kowa ba.

Mene ne wannan asusu, kuma su wa suke gudanar da shi?

Asusu ne na karo-karo wanda mutanen gari suke zuba abin da ya sawwaƙa a cikinsa, domin a biya wa magidancin da ya shiga ƙunci kuɗin haya, ko na wuta, ko na ruwa, kafin lamarin ya kai ga fitar da shi da iyalinsa daga inda suke zaune. Masu gudanar da shi ba ma'aikatan gwamnati ba ne, kuma babu wanda ake biya albashi ko kuɗin zama. A cikinmu akwai malamin makaranta, da manomi, da ɗan kasuwa, da na'ibin limami, da mata biyu waɗanda su ne suke shiga gidaje. Mai unguwa da dagaci sun san da aikin kuma sun sa albarka, amma ba su riƙe kuɗi.

Ashe a karkara ma ana rasa muhalli? Ai kowa yana da gidan gado.

Wannan ita ce tambayar da 'yan birni suka fi yi mana, kuma a cikinta akwai rabin gaskiya. A ƙauyen da bai wuce gida talatin ba, da wuya a samu ɗan haya. Amma a garuruwan da suke da kasuwa ko asibiti ko makarantar sakandare, irin su Gumel da Ringim da Birnin Kudu da Malam Madori, ko Wudil da Bichi da Ɗambatta a ɓangaren Kano, akwai masu zaman haya da dama: ƙananan ma'aikata da aka turo daga wani gari, masu dako da masu faci da masu sayar da shayi, zawarawa masu 'ya'ya, mutanen da rashin tsaro ya koro daga wasu jihohi, da samarin da suka yi aure alhali gidan gadon ya cika har babu inda za a ƙara ɗaki. Akwai kuma masu zaman aro, waɗanda wani ya ba su ɗaki don Allah, kuma ranar da ɗansa zai yi aure sai su tashi.

Abin da ya sa ba a ganin matsalar shi ne, a wajenmu rashin muhalli ba ya zuwa da kamannin da aka saba ji a rediyo game da manyan birane. Ba za ka ga magidanci da iyalinsa kwance a bakin titi ba, domin zumunci ba zai bari ba. Abin da za ka gani shi ne gida ya watse: matar ta koma gidan iyayenta da sunan ganin gida, a tura babban yaro almajiranci, a kai yarinya wurin gwaggonta ta bar makaranta, shi kuma mijin ya ɗauki buhunsa ya tafi cirani Kano ko kudu yana kwana a tasha. Kayan ɗakin matar a jibge su a zauren wani. Sau da yawa auren ba ya komawa yadda yake. Duk wannan kuwa a kan bashin da wani lokaci bai kai kuɗin akuya biyu ba.

Wa ya cancanci a taimaka masa?

Duk wanda yake zaune a garin ko ƙauyukan da ke kewaye da shi, wanda wani abu na bazata ya same shi har ya kasa biya, kuma akwai alamar idan aka tsallakar da shi wannan karon zai iya ci gaba da kansa. Rashin lafiya, rasuwar mai ciyarwa, satar babur ɗin da ake acaɓa da shi, gobara, jinkirin albashi, ko gonar da ruwa ya cinye, duk suna ciki. Ba ma tambayar ƙabila ko ɗariƙa ko jam'iyya, kuma wanda ba Musulmi ba ana taimaka masa daga kuɗin sadaka da gudummawa, kamar yadda bayani zai zo a amsar da ta shafi zakka. Hayar shago ba ta cikin aikinmu, sai dai in a shagon mutum yake kwana.

Yaushe ya kamata in zo?

Ranar da ka tabbatar ba za ka iya biya ba, ba ranar da aka fitar da tabarmarka tsakar gida ba. Mun san kunya ce take hana mutane, sai magidanci ya yi ta cewa gobe, yana fita da asuba yana dawowa bayan isha'i don kada ya haɗu da mai gida. Wannan ɓuyan shi ne yake ɓata lamari fiye da bashin kansa, domin mai gidan da aka je aka gaishe shi aka ce, "Alhaji, ga halin da nake ciki," yakan yi haƙuri, amma wanda ya ga ana gudunsa sai ya ɗauka raini ne. Idan aka zo da wuri, sau da yawa ba a ma taɓa asusu, magana ce kawai take warware komai.

Lokacin da aka fi matsuwa a wurinmu shi ne daga bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ke hannu ya tafi wajen taki da iri, hatsi kuma ya yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suna cinye abin da a da ake ajiyewa domin haya, saboda haka wanda ya san hayarsa tana cika a waɗannan watanni ya yi mana magana tun da kaka.

Yaya ake nema, kuma me zan kawo?

Ka sami duk wanda ka fi sakewa da shi a cikin 'yan kwamiti ka gaya masa, a gida ko bayan an idar da salla. Mace tana iya aiko yaro ya kira ɗaya daga cikin matan kwamiti, ba sai ta fito ba. Babu fam ɗin da ake saye, kuma duk wanda ya nemi ko naira ɗaya da sunanmu domin ya shigar da kai, macuci ne. In akwai takardar yarjejeniyar haya ko rasit ko takardar kuɗin wuta, a kawo. In babu, kamar yadda galibin hayar karkara take ta baka ce, shaidar maƙwabta biyu ko ta mai unguwa ta wadatar. Daga nan mutum biyu za su ziyarce ka, su kuma gana da mai gidan, sannan kwamiti ya yanke shawara cikin kwanaki kaɗan.

Me ya sa ba a ba ni kuɗin a hannuna?

Ba don ana zargin kowa ba ne. Mutumin da ya kasa biyan haya galibi yana da wasu ramuka biyar da suke jiran a cike su: mai shago yana binsa, yaro ba shi da lafiya, babu tsaba a gida. Idan kuɗin ya kwana a aljihunsa, kafin gari ya waye ya rabu uku, kuma babu mai ganin laifinsa, amma hayar tana nan. Saboda haka ana miƙa wa mai gida kuɗinsa hannu da hannu a gaban ɗan haya da shaida, ya sa hannu ko ya dangwala cewa ya karɓa kuma ya yarda a ci gaba da zama har lokaci kaza. Wannan alkawarin shi ne ainihin abin da muke saye da kuɗin jama'a.

Kyauta ce ko rance?

Duka biyun akwai. Marayu da tsofaffi da mai doguwar jinya, kyauta ce. Ma'aikacin da albashinsa ya makara, ko manomin da yake jiran ya girbe shinkafa ko riɗi, ana ba shi rance marar ruwa, ya mayar kaɗan-kaɗan ranar kasuwa ko ya kawo hatsi da kaka a ƙiyasta da farashin ranar. Ana rubuta kowane rance, bisa umarnin aya ta 282 a Suratul Baƙara, ko da kuwa mai karɓar ƙanin shugaban kwamiti ne. Mun lura cewa magidanta da yawa sun fi son rancen, domin yana barinsu da mutuncinsu. Bisa ƙa'ida ana taimaka wa gida ɗaya sau ɗaya a shekara.

Mai gida ya ce in tashi cikin kwana uku, har ya cire ƙofar ɗakin. Yana da wannan ikon?

Ba shi da shi. A tsarin dokokin haya na Najeriya, mai gida ba ya fitar da ɗan haya da ƙarfin tuwo. Cire ƙofa, ko yaye kwano, ko kulle ɗaki da kayan mutum a ciki, ko turo matasa su watsar da kaya, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma ɗan haya yana iya kai ƙara a kansu. Hanyar da doka ta sani ita ce sanarwa a rubuce, sannan kotu. Inda babu wata yarjejeniya ta daban, abin da aka saba shi ne sanarwar wata shida ga mai biyan shekara-shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, sai kuma wata sanarwar ta kwana bakwai cewa mai gida zai nemi kotu ta karɓar masa gidansa. Tarin bashi ko ƙarewar wa'adin haya yana iya gajarta wannan lokaci, saboda haka kada wanda ake bi ya jingina da wata shidan nan ya miƙe ƙafa.

Duk da haka ba ma shawartar kowa ya fara da kotu. A garin da kowa ya san kowa, ɗan hayar da ya kai mai gida ƙara ko ya yi nasara zai sha wuya kafin ya sake samun wanda zai ba shi ɗaki. Ana farawa da mai unguwa, in ta gagara a je wurin dagaci ko hakimi, ko a nemi sulhun Hisba. Idan an kai ga shari'a kuma mutum ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa galihu. Mu ba lauyoyi ba ne, aikinmu shi ne rakiya da roƙo.

Ni ne mai gidan, kuma da kuɗin hayar nake ciyar da iyalina. Me ya sa kullum ni ake ba haƙuri?

Baba, wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma mun sha jinsa daga dattawan da ɗakuna biyu ko uku su ne fanshonsu, da matan da suka gaji gida suna riƙon marayu da shi. Mai gidan haya a karkara ba kasafai yake attajiri ba. Alƙur'ani a aya ta 280 ta Baƙara ya ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma bai ce haƙƙin mai bi ya faɗi ba. Dalilin kafa asusun ma ke nan: kada nauyin da ya kamata gari ya ɗauka ya faɗa a kan mutum ɗaya. Abin da muke roƙo shi ne a sanar da mu kafin a ba da sanarwar tashi, in da hali kuma a yafe wani kaso ko a yarda da biya kashi-kashi. Mai gida yana da damar ya kawo mana maganar ɗan hayarsa da kansa.

Wane irin kuɗin wuta kuke biya?

Kamfanin KEDCO ne yake rarraba lantarki a Kano da Jigawa da Katsina tun bayan da aka sayar da harkar ga 'yan kasuwa a 2013, ko da yake har gobe NEPA mutane suke cewa. Muna biyan bashin da zai sa a yanke wa gida wuta idan wutar tana da alaƙa da zaman gidan ko abincinsa, misali matar da take sayar da ƙanƙara da zoɓo da firji, ko gidan haya mai layi ɗaya inda kason mutum ɗaya yake jawo wa kowa yankewa, har sauran su matsa wa mai gida ya kore shi. Wannan na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ba ma biyan tarar satar wuta.

Kafin mu biya, muna duba takardar. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta bayyana cewa mai amfani da wuta yana da haƙƙin a ba shi sanarwa a rubuce kafin a yanke masa, yana da haƙƙin ya ƙalubalanci lissafin da bai gamsu da shi ba, kuma sayen taransifoma ko turaku ko gyaransu ba nauyin jama'a ba ne. Wanda ba shi da mita, ake yi masa lissafin ƙiyasi, ya fara kai kokensa a rubuce ofishin kamfanin, ya riƙe kwafi. Don haka karo-karon gyaran taransifoma da unguwanni suke yi, ko da ya zama al'ada, ba ma sa kuɗin asusu a cikinsa.

Ruwa fa? Ai mu ba mu da famfo a gida.

Shi ya sa a nan kuɗin ruwa yana nufin abin da ake ba 'yan ga-ruwa, ko kason da ake karɓa a rijiyar burtsatse mai sola ko mai inji. Idan tsohuwa ko mai jego ko marar lafiya ba ta da mai ɗebo mata, ana yin magana da mai kura ya riƙa sauke mata jarkoki, a biya shi duk mako na ɗan wani lokaci.

Ana iya sa zakka a wannan asusu?

Ana iya, da sharaɗin a keɓe ta. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin zakka, kuma fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu suna ciki, hayar da ta taru kuwa bashi ce. Saboda haka muna da littafi biyu, na zakka daban, na sadaka da gudummawa daban. Zakka ba a ba da ita rance, ba a sayen littafi ko man babur da ita, kuma ana sanar da wanda za a biya wa, ya wakilta kwamiti ya miƙa wa mai gida a madadinsa. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi, wato wusƙi biyar ko sa'i 300, yana fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar da gonar, ɗaya bisa ashirin in da injin ban-ruwa ne. Wanda ya kawo hatsi, hatsin muke bai wa mabuƙaci, shi kuma ya karkatar da kuɗin cefanensa zuwa haya.

Tambaya ɗaya da masu gidaje suke yi: ko mutum zai yafe wa ɗan hayarsa matalauci bashi ya lissafa shi a zakkarsa? Malaman Malikiyya da mafi yawan sauran malamai sun ce bai isar ba. Yafiyar sadaka ce mai lada, zakka kuwa tana nan a kansa. Kuma asusun nan ba kishiyar kwamitocin zakka na masarautu ba ne. Inda dagaci yake tattara zakkar gari, muna miƙa masa sunayen masu buƙata da yardarsu.

Mijina ya sake ni, ko ya rasu, an ce in bar gidan. Ina zan dosa?

Hajiya, kafin maganar asusu akwai haƙƙin da shari'a ta ba ki. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta har ta gama idda, kuma muhallin a kan mijin yake, ko da al'adarmu ta saba da mace ta kwashe kayanta a ranar da aka ba ta takarda. Mai takaba kuma, wadda iddarta wata huɗu da kwana goma ce in ba ta da ciki, a Malikiyya tana da haƙƙin zama a gidan idan na mamacin ne ko ya riga ya biya hayarsa, magada ba su da ikon tayar da ita. Matsalar tana tasowa ne idan hayar ta ƙare a tsakiyar takaba, kuma irin wannan muna sa ta a gaba da kowace. Bayan idda, muna zama da waliyyanki da dangin uban yaran, domin ciyar da yara da muhallinsu nauyin ubansu ne, ko a fitar daga gadonsu in ya bar wani abu.

Ruwa ya rushe mana gida. Wannan yana cikin aikinku?

Ginin gida ya fi ƙarfinmu. Duk wanda yake zaune a bakin kogin Haɗejiya ya san abin da aka gani a daminar 2020 da ta 2022 a wuraren Auyo da Kafin Hausa da Miga da Kirikasamma da Guri, inda gidajen ƙasa suka narke, mutane suka koma azuzuwan makarantun firamare. Agajin irin wannan na hukumomin agajin gaggawa ne, wato SEMA ta jiha da NEMA ta ƙasa, kuma ta hannun dagaci da ƙaramar hukuma ake shigar da sunaye. Abin da muke iya yi shi ne kama wa iyali ɗaki na wata biyu ko uku, musamman lokacin da za a koma karatu a ce su bar makarantar, ko mu roƙi masu ɗakunan da babu kowa su ba da aro. Idan ruwa ya janye, matasa sukan yi gayya a buga tubali.

Za a bayyana sunana?

A'a. Ba ma ɗaukar hoto, ba ma sa kowa a Facebook ko WhatsApp, ko da mai bayarwa ya nemi haka domin ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Mun taɓa mayar wa wani bawan Allah gudummawarsa mai kauri saboda sharaɗinsa shi ne a tara waɗanda za a biya wa a ɗauki bidiyo. A littafinmu lamba ce take tsaya wa suna, kuma mutum uku ne kaɗai suka san wace lamba ce ta wa. Mai gida dole ya sani, kamar yadda aka yi bayani a amsar miƙa kuɗi, amma ana roƙonsa ya bar zancen a cikinsa.

Ta yaya mai bayarwa zai tabbatar ba a ci amanarsa ba?

Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, kuma ba a fitar da komai sai da sa hannun mutum biyu. Idan maganar ɗan'uwan wani ɗan kwamiti ce, sai ya tashi ya bar zaman. Duk bayan wata uku ana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban masu gudummawa, da adadin gidajen da aka taimaka, ba da sunaye ba. Ba ma karɓar kuɗin da ɗan takara ya ɗaura wa sharaɗi, musamman in zaɓe ya matso.

Idan an ce ba za a iya taimaka mini ba fa?

Yana faruwa, kuma galibi dalilin shi ne asusu ya yi ƙasa, ko bashin ya yi shekaru har ya fi ƙarfinmu, ko hayar ta fi samun mutum ta yadda ko an biya bana baɗi za a dawo gidan jiya. A irin wannan muna faɗin gaskiya, sannan mu nema masa wa'adi a wurin mai gida, mu taya shi neman ɗaki mai sauƙi, mu biya kuɗin kura ko motar da za ta kwashe kaya, domin iyalin su tashi tare su sauka tare. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana iya neman a sake duba maganarsa a gaban limami da mai unguwa.

Muna son mu kafa irinsa a garinmu. Da me za mu fara?

Da mutum biyar ko bakwai waɗanda gari ya yarda da amanarsu, a cikinsu lalle a sami mata, domin abin da mace za ta gani a tsakar gida namiji ba zai gan shi daga zaure ba. A sanar da dagaci da limamai, a yi rajista da ƙaramar hukuma, a rubuta ƙa'idoji a shafi ɗaya tun kafin kuɗi ya shigo. Gudummawa ƙarama wadda ba ta yankewa, kamar zubin adashi duk ranar kasuwa, ta fi babbar kyautar da za a yi sau ɗaya a ɓace. A tara da kaka lokacin da hannu yake da maiƙo, a kuma tuntuɓi 'yan garin da suke aiki a Kano da Abuja da Legas. Wata uku na farko kada a biya wa kowa sai an ga abin da yake shigowa a kai a kai, sannan a yanke iyakar abin da za a iya kashe wa gida ɗaya bisa wannan lissafin.